Wa Ya Fi Kusa da Wa? Harsunan Poli da Lissafin Kamanni

Garin Poli, hedikwatar gundumar Faro a Jihar Arewa ta Kamaru, ba wani babban gari ba ne, amma ƙasar da ke kewaye da shi ta tara harsuna fiye da yadda faɗinta zai sa a zata. A cikin garin da ƙauyukan da ke gindin duwatsunsa akwai Doyayo, waɗanda littattafan Turawa suka fi kira Dowayo. Ta gabas akwai Duupa da Dugun, can gaba kuma wajen titin Garwa zuwa Ngawundare akwai Dii. Ta kudu akwai Longto na mutanen Voko, da Kolbila a yankin Bantaje. Idan aka nausa yamma aka haye kogin Faro zuwa duwatsun Alantika, inda iyakar Kamaru da Nijeriya ta ratsa, sai a tarar da Samba Leko da harsunan mutanen Koma da na Vere. Fulatanci ne ya lulluɓe su duka a kasuwa tun bayan da mulkin Fulani ya kafu a ƙasar Adamawa a ƙarni na 19, Faransanci kuma shi ke riƙe da aji da ofis. Duk wanda zai buga littafin koyon karatu ga yaran wannan yanki, ko ya shirya wa manoma saƙon rediyo, ko ya fassara takardar rigakafi, dole ya ci karo da tambaya guda: a cikin waɗannan harsuna wanne ya fi kusa da wanne, kuma nawa ne za su iya amfani da littafi ɗaya? Kuɗin bai isa a yi wa kowane ƙauye nasa ba, kuma ba zai yiwu a cusa wa kowa guda ɗaya ba.

Masana lissafi suna da hanyar amsa irin wannan tambaya, wadda za mu kira haɗa rukuni hawa-hawa. Tsarinta mai sauƙi ne. Da farko a auna kamannin da ke tsakanin kowane abu biyu, a zuba sakamakon a jadawali. Idan harsuna 10 ne, awo 45 ke nan, idan 250 ne kuwa awo 31,125. Daga nan a ɗauki kowane abu a matsayin rukuni mai zaman kansa, a nemo biyun da suka fi kowa kama da juna a haɗe su, su zama rukuni ɗaya. A sake duba jadawalin, a sake haɗe biyun da suka fi kusa, ko abubuwa ne ɗaiɗaiku ko rukunan da aka riga aka ƙulla, a yi ta yin haka har komai ya taru a inuwa ɗaya. Abin da ke fitowa zane ne mai siffar bishiya, ganyayenta su ne abubuwan da aka auna, kowace mahaɗar reshe kuma tana nuna matakin kamannin da aka yi haɗin a kansa. Wanda ya san tsarin sarautar ƙasar Adamawa ya riga ya san siffar: ƙauyuka a ƙarƙashin jauro, jaurori a ƙarƙashin lawan, lawanai a ƙarƙashin lamiɗo, kowane ƙarami a cikin babba, ba wanda ke da iyayen gida biyu. Wannan sharaɗi na ƙarshe, wato cewa kowa gida ɗaya yake da shi a kowane mataki, shi ne ƙarfin hanyar, kuma a nan ne take da rauni. Abin da wannan rubutu ke son tabbatarwa shi ne, bishiyar da lissafin ke fitarwa hukuncin ɗan Adam ne da aka sanya wa rigar adadi, kuma tana da amfani ƙwarai muddin an san wuraren da hannun mutum ya taɓa.

Wuri na farko yana ɓoye a cikin tambayar da ba a cika yi ba. Kamannin ƙauye da ƙauye an auna shi, to yaya za a auna kamannin ƙauye da rukunin ƙauyuka? Mu ƙaddara ƙauyuka huɗu a jere kan hanya ɗaya, A da B da C da D, adadin kuma na misali ne kawai. A cikin kalmomi 100, A da B sun yi tarayya a 90, B da C a 85, C da D a 80, A da C a 70, B da D a 65, A da D kuwa a 55. Haɗin farko ba gardama, A da B ne a mataki na 90. Yanzu ina C zai shiga? Idan dokar ita ce a duba ɗan rukunin da ya fi kusa, C na da 85 da B, wanda ya ɗara 80 ɗin da ke tsakaninsa da D, don haka sai ya bi A da B, D kuma ya biyo su a mataki na 80. Idan dokar ita ce a duba ɗan rukunin da ya fi nisa, C na da 70 kacal da A, sai ya gwammace D, a sami gida biyu waɗanda ba za su haɗu ba sai a mataki na 55. Idan kuma matsakaici aka ɗauka, tsakanin C da rukunin farko 77.5 ne, bai kai 80 ba, sai C ya sake bin D, gidajen biyu su haɗu a 68.75. Jadawali ɗaya, ba a sauya ko lamba guda ba, amma an sami bishiya mai siffa biyu da tsayi uku. Idan kwamitin buga littafi ya ce duk waɗanda suka haɗu a sama da 70 harshe ɗaya ne, dokar farko za ta ba shi littafi ɗaya ga ƙauyukan huɗu, har da A da D da ba su yi tarayya ba sai a kalma 55, sauran dokokin biyu kuma su ce masa ya buga biyu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da ta zo ta hanyar kuskure. Kowacce ta fito daga wata buƙata ta gaske. Dokar maƙwabcin nesa ana danganta ta ga Thorvald Sørensen, masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak, wanda a 1948 ya so ya rarraba filayen kiwon ƙasarsu bisa irin ciyayin da ke tsirowa a cikinsu, kuma yana son kowane rukuni ya zama dunƙulalle, ba baƙo a ciki. Dokar maƙwabcin kusa ta fito daga wasu masana lissafi na birnin Wrocław a Polan a 1951, Peter Sneath kuma ya yi aiki da ita a Ingila a 1957 wajen rarraba ƙwayoyin bakteriya. Ta matsakaici kuwa Robert Sokal da Charles Michener ne suka tsara ta a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1958, suna nazarin dangogin ƙudan zuma. A 1963 Joe Ward, wanda ke wa rundunar sojan saman Amurka aikin rarraba nau'o'in ayyuka, ya kawo ta huɗu, wadda ke zaɓar haɗin da zai fi ƙarancin ƙara warwatsuwa a cikin rukuni. Kowace doka tana da irin rukunin da take so. Ta kusa tana son doguwar sarƙa, ta nesa tana son ƙananan dunƙule, ta Ward tana karkata ga rukunai masu girma kusan ɗaya. Wanda ya zaɓi doka ya riga ya faɗi rabin amsar da yake nema, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai abu biyu kuma da suka shafi dukkan dokokin. Na ɗaya, hanyar ba ta komawa baya. Da zarar ta haɗa abu biyu sun haɗu ke nan har ƙarshe, ko da abin da zai bayyana a gaba ya nuna haɗin bai dace ba. Ba don rashin dabara aka yi haka ba: harsuna 10 kawai ana iya jera su a bishiyoyi 34,459,425 masu rassa bibbiyu, kuma adadin na haurawa da saurin da ba kwamfutar da za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya idan harsunan suka kai ɗari. Saboda haka aka zaɓi a riƙa cafke abin da ya fi kyau a kowane mataki, a bar sauran. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, hanyar ba ta taɓa cewa ba ta ga bishiya ba. A zuba mata lambobin da aka tsinto barkatai, za ta fitar da zane mai rassa tsaf, wanda ido zai gani ya ce lallai akwai tsari. Zanen da ke da tushe da wanda ba shi da shi kamarsu ɗaya a kan takarda.

Wuri na biyu da hannun mutum ke shiga ya riga lissafin ma, shi ne zaɓen abin da za a auna. Da za a gwada Hausa da Fulatancin Garwa da Larabci ta sunayen ranakun mako da kalmomin salla da na shari'a, da sun fito 'yan ɗaki ɗaya, domin Litinin da Altine, Laraba da Alarba, Alhamis da Alhamiisa duk daga rijiya guda aka ɗebo su. Fulatancin Adamawa ya ari kalmar sai daga Hausa, Hausa ta ari ashirin da talatin daga Larabci. Amma kama da wane ba wane ba ne. Hausa ɗiyar reshen Cadi ce, dangantakarta ta jini da Larabci tana can nesa ƙwarai, ana hango ta a kalmomi irin su mutu da suna, Fulatanci kuwa danginsa na kusa su ne Serer da Wolof na Sanagal. A 1912 Bajamushe Carl Meinhof ya saka Hausa da Fulatanci a jaka ɗaya da ya kira harsunan Ham, kuma abin da ya taimaka wajen ja masa hannu har da ra'ayin zamaninsa game da launin fata da kiwon shanu. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano yana bincike a 1938 zuwa 1939, shi ya rushe wannan rabo, ya kafa sharaɗin cewa harshe da harshe za a gwada, ba fuska ko sana'ar masu magana ba. Morris Swadesh ya ƙara tsaurara ma'aunin da jerin kalmomi 200 a 1952, sannan 100 a 1955, irin waɗanda ba a cika ara ba: ruwa, wuta, ido, jini, ɗaya, biyu, ni, kai. Wannan jeri shi ne abincin da aka fi ba lissafin haɗa rukuni a fagen harsuna tun daga lokacin.

Ƙasar Faro ta ba da darasin da ya fi kowanne nuna cewa ko wannan taka-tsantsan bai isa ba. Mutanen da ake kira Camba suna ɗaukar kansu al'umma ɗaya, da al'adu da tarihin ƙaura masu kama da juna, amma harshe biyu suke yi: Samba Leko a gefen Alantika da wasu garuruwan Jihar Taraba, Daka kuma a ƙasar Ganye ta Jihar Adamawa a Nijeriya. A littafinsa na 1963 kan harsunan Afirka, Greenberg ya raba harsunan Adamawa gida 14, ya ba Leko gida na 2, Daka na 3, ya tara Vere da Doyayo da Dii da Kolbila da maƙwabtansu a na 4. Shi ba kwamfuta ya yi amfani da ita ba, jerin kalmomi ya shimfiɗa ya duba da ido, amma tushen aikin ɗaya ne, wato tara masu kama. Shekara 20 bayan haka, a 1983, Patrick Bennett ya sake ƙidaya kalmomin ya nuna cewa Daka ba ɗan gidan Adamawa ba ne, ya fi karkata ga babban reshen Binuwai-Kwango, wanda harsunan Bantu ke cikinsa, kuma yawancin kamanninsa da Leko gadon doguwar maƙwabtaka ne da auratayya. Har yau ana muhawara kan ainihin gurbin Daka, amma ba mai mayar da shi ɗan'uwan Leko na kusa. Kolbila shi ma ya sauya gida, yanzu tare da Samba Leko ake lissafa shi. Su kuma gida na 2 da na 4, waɗanda Greenberg ya raba, masana na baya irin su Raymond Boyd da Ulrich Kleinewillinghöfer sun haɗe su a reshe guda. Wato a cikin ɗan yankin nan kaɗai an raba waɗanda aka haɗa, an haɗa waɗanda aka raba.

Dalilin wannan kai-komo ba sirri ba ne, kuma ya kamata mai karatu ya san shi kafin ya ba kowane jadawali amana. Jerin kalmomin farko na harsunan wannan yanki jami'an mulkin mallaka da matafiya ne suka tattara, irin su Kurt Strümpell, hafsan Jamus da ya yi aiki a Garwa ya kuma buga nasa jerin a 1910. Irin wannan aiki ta bakin tafinta ake yin sa, tafintan ƙasar Adamawa kuwa da Fulatanci yake tambaya. Mutumin da aka tambaya da Fulatanci, wanda kuma kullum da shi yake ciniki, abu ne mai sauƙi ya mayar da kalmar Fulatanci ko da harshensa yana da tasa. Idan haka ta faru a ƙauye biyu, jadawali zai rubuta musu tarayya a kalmar da ba ta ɗayansu ba ce. Bayan haka waɗannan harsuna ne masu karin sauti, kunnen baƙo kuwa yakan haɗe kalmomi biyu da karinsu ya bambanta, ko ya rubuta kalma ɗaya iri biyu. Sannan kowace lamba da ke cikin jadawalin taron ƙananan hukunce-hukunce ce guda 100: wani mutum ne ya zauna ya dubi kalma biyu ya ce asalinsu ɗaya, ko ya ce a'a. A misalinmu na ƙauyuka huɗu, tazarar 77.5 da 80 ce ta yanke wa C gida, wato sauya hukunci kan kalma uku kawai ya isa ya juya reshe.

Ko da an tsabtace jerin daga aro, akwai sauran rina a kaba. Dokar matsakaici ba za ta ba da salsala ta gaskiya ba sai idan harsuna suna sauya kalmominsu da sauri ɗaya, kuma Swadesh ya yi zaton haka ne, har ya ce harshe kan riƙe kusan kashi 86 cikin 100 na gajeren jerin a kowace shekara 1,000. A 1962 Knut Bergsland da Hans Vogt suka gwada wannan zato a kan harsunan da ke da tsofaffin rubuce-rubuce, suka nuna bai tsaya ba: harshen tsibirin Aislan ya riƙe kusan dukkan tsofaffin kalmominsa, ɗan'uwansa na Nowe kuwa ya zubar da kaso mai yawa a cikin wannan tsawon lokaci. Sakamakon haka a bayyane yake. Harsuna biyu masu riƙon tsoho za su fito kusa da juna ko da sun daɗe da rabuwa, mai saurin sauyi kuma a jefa shi can gefe shi kaɗai ko da jiya ya bar gida. Shi ya sa masana tarihin harshe tun ƙarni na 19 suka dage cewa hujjar zama reshe ɗaya ita ce tarayya a sabon abu, kamar sauyin sautin da ya faru a harsuna biyu bai faru a sauran ba, ba tarayya a tsohon gadon da kowa ya samu daga kaka ba. Lissafin kamanni bai san bambancin waɗannan biyu ba, duka ɗaya yake ƙirga su.

Wani lokaci ma babu bishiyar da za a gano. Bahaushe bai buƙatar zuwa Poli don ya ga haka. Basakkwace na cewa tahi da biyat da ɗiya, Bakano na cewa tafi da biyar da 'ya, an kuma saba raba Hausa gida biyu, ta yamma da ta gabas. To ina Katsinanci zai zauna, alhali ya yi tarayya da Sakkwatanci a wasu abubuwa, da Kananci a wasu? Daga Dogon Dutsi zuwa Tawa, zuwa Maraɗi, zuwa Daura, zuwa Haɗejiya, kowane gari yana kama da na kusa da shi, bambancin na taruwa a hankali, ba inda aka gitta katanga. Johannes Schmidt ya lura da irin wannan a harsunan Turai tun 1872, ya ce sauyi yakan bazu ne daga wuri zuwa maƙwabtansa, kowane sauyi da iyakar inda ya tsaya. A irin wannan ƙasa dokar maƙwabcin kusa za ta zarge kowa a igiya ɗaya, ta nesa kuma ta datsa igiyar a inda ƙaramin bambanci ya faɗa mata. Babban gwajin da aka yi kan harsunan Afirka ya tabbatar da haka. A 1999 Yvonne Bastin da André Coupez da Michael Mann suka buga, ta hannun gidan tarihin Tervuren na Beljiyam, nazarin harsuna da karorin Bantu 542 bisa kalmomi 92. Maimakon bishiya ɗaya sai suka fitar da da yawa ta hanyar sauya dokar haɗawa, aka ga wasu rukunai sun tsaya daram, harsunan da ke bakin iyaka kuma suna ta sauya gida daga wannan zane zuwa wancan.

Mai kare hanyar zai ce duk waɗannan laifin kayan aiki ne, ba na lissafi ba. A kawo jeri mai tsabta da kalmomi dubu, kwamfuta kuma ba ta da ƙabila ba ta da son rai, za ta faɗi gaskiya. Rabin wannan magana daidai ne. Ƙarin kalmomi na rage tasirin kuskure ɗaya ko biyu, kuma lissafin da aka rubuta dokarsa a fili ya fi hukuncin da masani ya yanke a zuciyarsa, domin kowa na iya maimaita shi ya kama inda aka kauce. Amma misalin ƙauyuka huɗu ba shi da kuskure ko ɗaya a cikin lambobinsa, duk da haka ya ba da amsa biyu. Kalma dubu ba za ta gaya wa kwamfuta wace doka za ta bi ba, ba kuma za ta mayar da sarƙa bishiya ba. Hasali ma idan aka faɗaɗa jerin ya wuce kalmomin asali, sai a shiga na kasuwa da sarauta da addini, inda aro ya fi yawa, a Poli kuwa hakan na nufin ƙarin Fulatanci a bakin kowa. Rashin son rai na na'ura gaskiya ne, sai dai ita aiwatarwa kawai take yi. Zaɓin an riga an yi shi kafin a kunna ta.

Wani kuma zai tsaya a ɗaya gefen ya ce, tun da haka ne a watsar da bishiyar gaba ɗaya. Wannan ya fi na farko kuskure. Ƙidayar kalmomi ce ta fara tona cewa Daka ba inda aka ajiye shi yake ba, bayan sunan Camba da kamannin al'ada sun rufe idon mutane shekara da shekaru. A fagen likitanci, Charles Perou da abokan aikinsa sun yi amfani da wannan hanya a shekarar 2000 kan samfurori 65 na ciwon dajin mama, suka ga cutar da ake ɗauka guda ɗaya ta rabu gida-gida bisa aikin ƙwayoyin gado, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna gidajen sun bambanta wajen yadda cutar ke tafiya. Abin lura shi ne ba zanen ne ya tabbatar da kansa ba, shaida daga waje ce ta tabbatar da shi. Akwai kuma hanyoyin gwada ƙarfin kowane reshe. A bi dokoki uku ko huɗu a ga wane rukuni ne ke dawowa kowane karo. A auna yadda nisan da ke kan bishiya ya dace da na jadawalin asali, kamar yadda Sokal da James Rohlf suka tsara a 1962. A sake ɗibar kalmomin barkatai sau ɗaruruwa a ƙirga sau nawa reshe ya tsira, dabarar da Joseph Felsenstein ya shigo da ita nazarin salsalar halittu a 1985. Reshen da ya jure duk wannan ya cancanci a gina aiki a kansa. Wanda ya karye kuma ya ba da labari mai amfani, domin galibi yana nuna wurin da jama'a suka cakuɗu, kuma a nan ne zane mai siffar raga, wanda ke barin harshe ya jingina da ɓangare biyu, ya fi bishiya faɗin gaskiya.

Saura wuri na uku da hannun mutum ke shiga, wanda ya fi taɓa rayuwar jama'a: a wane tsayi za a sare bishiyar? Ita ba ta faɗin yawan rukunai, tana ba da dukkan matakai ne daga kowa shi kaɗai har zuwa kowa a haɗe. Masu binciken harsuna a Kamaru da wasu ƙasashe sun saba ɗaukar abin da ya gaza kashi 70 a matsayin alamar harsuna daban, abin da ya haura 85 kuma alamar karorin harshe ɗaya, amma waɗannan lambobi al'adar ma'aikata ce da gogewa ta haifar, ba dokar halitta ba. Kamaru na da harsuna sama da 200, kamar yadda taswirar harsunanta ta 1983 ta nuna. Ta amince da haruffan bai-ɗaya na rubuta su a 1979, tsarin mulkin 1996 ya yi alkawarin kare su da bunƙasa su, dokar ilimi ta 1998 kuma ta sanya hakan cikin manufofin makaranta. Duk wannan alkawari a kan jerin sunaye yake tafiya, kuma wanda aka sare reshensa aka lissafa shi karin harshen wani ba zai ga sunansa a jerin ba. A nan ne wasu ke cewa a bar lissafi, a tambayi mutanen da kansu. Lallai a tambaye su, amma a san amsar wace tambaya suke bayarwa. Mutanen Bali-Nyonga da ke Jihar Arewa maso Yamma ta Kamaru suna alfahari da asalinsu na Camba, kakanninsu daga wannan ƙasa ta Faro suka tashi a ƙarni na 19, amma Mungaka suke yi, harshen da suka samu daga mutanen da suka cakuɗa da su. Abin da mutum ya ce game da danginsa gaskiya ne game da danginsa, ba lallai ya zama gaskiya game da littafin da ɗansa zai iya karantawa ba.

Saboda haka kwamitin da zai zauna a Poli ko a Garwa don yanke yawan littattafan da za a buga yana da haƙƙin ya yi wa duk mai kawo masa zane tambayoyi kai tsaye: kalmomi nawa aka gwada, da wane harshe aka yi tambayar, an cire aron Fulatanci ko ba a cire ba, wace doka aka bi, kuma me ya faru da aka bi wata. Idan Dii da Duupa da Dugun sun fito tare a kowane zane, wannan dalili ne na a fara gwada ko rubutu ɗaya zai ɗauke su, ba hujjar cewa zai ɗauke su ba. Gwajin kansa sananne ne tun littafin Eugene Casad na 1974: a naɗi ɗan gajeren labari daga bakin mutumin wani ƙauye, a kunna wa mutanen wani, a yi musu tambayoyi a ga abin da suka fahimta, a kuma fi ba da nauyi ga yara da matan da ba su yi yawon kasuwanni ba, domin fatake sun riga sun koyi harshen maƙwabta. Kolbila ne ya fi buƙatar wannan kulawa. Masu jin sa ba su da yawa, Fulatanci na matsa masa, kuma kowane lissafi na yau zai rataye shi a jikin Samba Leko, alhali tsakanin Bantaje da Alantika akwai kogi da tafiya mai nisa da zamanai na rabuwa. Ko yaron Bantaje zai gane labarin da dattijon Alantika ya bayar, wannan sai an kai na'urar naɗar murya ƙauyen an kunna masa.